Sai-Biyu da Akwatin Maganin Malama

Sai-Biyu ake ce masa a wurin aiki, kuma bakinsa ne ya jawo masa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana rubuta manhajar kwamfuta a hawa na uku na wani dogon gini, kusa da tagar da ba ta rufuwa sai an daka mata hannu. Duk wanda ya zo masa da zafin kai, ya ce zai rubuta abu guda da zai yi wa kowa da kowa aiki, sai ya ɗaga tabarau ya dube shi ya ce, "Mutum nawa ke buƙatarsa yau?" In aka ce ɗaya ne amma gaba za su yi yawa, sai ya mayar da tabarau kan hanci ya ce, "Sai na ga biyu." Shi ke nan, an rufe magana, ko manaja ne sai dai ya koma kujerarsa.

Yanzu ya yi ritaya, shekararsa sittin da bakwai, aikin da ya rage masa a duniya kuma guda ɗaya ne: shi ke ba matarsa magani, safe da yamma. A watan da wannan labari ya faru, abin da ya hana shi sakat ke nan, tsoron kada a karɓe wannan aiki daga hannunsa. Amma bari mu bi abin daki-daki, don ba za ka gane tsoron ba sai ka san mutumin.

Ba daga sama ya tsinci taurin kan nan ba. Yana farkon aiki, gashi baƙi wuluk, aka ce ya rubuta abin da zai jera littattafan wani ɗakin karatu. Littattafai kawai fa. Gogan naka ya ce ai wannan ƙaramin tunani ne, shi zai gina wanda zai jera komai na duniya: littafi, mota, ma'aikaci, har shanu in an kawo. Wata takwas yana fama. Da ya gama, abin ya iya karɓar komai, amma bai iya nemo littafi da sunan marubucinsa ba, wanda shi kaɗai aka roƙa tun farko. Mai kula da ɗakin karatun, wata dattijuwa mai sanyin murya, ta saurari bayaninsa har ƙarshe, sannan ta ce, "To ɗana, shanun suna ina?" Kunyar wannan rana ba ta sake shi ba har ya yi furfura.

Kada ka ɗauka ƙin abin yake yi. In buƙata biyu ta gaskiya ta bayyana, wallahi ba wanda ya kai shi iya haɗa su a ƙira ɗaya. Da akwati yake ba da misali. Ka ƙera akwati guda, in ji shi, ka bar gurbi a murfin, inda za a rubuta abin da zai shiga. In aka rubuta ƙwai, to ƙwai kaɗai zai karɓa. In aka rubuta ƙusa, ƙusa kaɗai. Ƙirar ɗaya ce, amma ba a cakuɗa kayan. Wanda ke tsare wannan doka kuwa ita ce manhajar nan da ke karance duk abin da ka rubuta kafin ta bari ya yi aiki, in ta ga ka saka abu a inda ba irinsa ba ta watso maka jan rubutu. Shi Maigadi yake kiranta.

Harsunan kwamfuta shida ya yi aiki da su, kuma kowanne yana da labarinsa a bakinsa, kamar tsofaffin maƙwabta. Na farkon bai san gurbi ba sam, don haka akwati ɗaya sai da ya rubuta shi sau goma sha ɗaya, kowane kaya da nasa, in ya gyara kuskure a guda ya manta da goma. Wani kuma ya ba shi akwatin da ke haɗiye komai ba tambaya, ranar da ƙusa ta shiga cikin ƙwai ba wanda ya sani sai da abu ya fashe a hannun masu amfani da shi. Na ƙarshen shi ne masoyinsa, harshe mai tsananin bin diddigi, wanda Maigadinsa ba ya karɓar lallashi. Abokan aiki suna tsakin jan rubutu, shi kuwa murmushi yake yi ya ce, "Na gode, ka rufa min asiri."

Dokarsa ta biyu ita ce, ba abin da zai rubuta ya fara aiki sai wani ya karanta. Ido na biyu yake ce wa wannan. Da ya bar ofis, idonsa na biyu ya zama Auta, ƙaramar 'ya'yansa huɗu, ita kaɗai ta gado sana'ar. Sai dai kash, da wani harshe mai sassauci take aiki, irin wanda ba ya tambayar me ka saka a ina. Kowace Asabar da ƙarfe biyu takan zo, su baje kwamfutoci a teburin cin abinci, a fara.

"Harshen nan naku ko yaron shago," yakan ce. "Kome ka ce masa sai ya ce to, ranka ya daɗe."

"Naka kuwa surukar zamani ce, Baba. Ko gaisuwa ka yi sai ta samo laifi."

Daga falo Malama za ta ɗaga murya ta ce in sun gama zagin surukai a kawo mata ruwa.

Malama ita ce matarsa. Shekara ashirin da takwas ta yi tana koyar da lissafi a firamare, kuma har yau in ka faɗa mata lambar waya sau ɗaya ta zauna. Ciwon suga ne ya ci mata ido a hankali, yanzu haske da duhu kawai take rabewa, ga hawan jini a kai. Ƙwaya bakwai take sha a rana, huɗu da ƙarfe takwas na safe, uku da ƙarfe shida na yamma. Suna zaune a wani akwatin roba shuɗi mai ƙananan ɗakuna, a saman firiji. Lokacin da idon ya tafi, manyan yaran suka haɗa baki suka ce a ɗauko ma'aikaciyar jinya. Ya saurare su tsaf, sannan ya ce, "Shekara arba'in tana ajiye min abinci a gabana. Ni ne zan kasa ajiye mata ƙwaya bakwai a tafin hannu?" Ba wanda ya sake tayar da maganar, amma ya san ba ta mutu ba, kwanciya ta yi.

Ga yadda suke yi. Akwai wata tsohuwar waya da ya jingina da gwangwanin shayi a kicin, ya rubuta mata 'yar manhaja. In lokaci ya yi ta yi ƙara, ta nuna jerin ƙwayoyin. Sai ya ɗauko akwatin, ya zauna a gefen kujerarta, ya buɗe tafin hannunta, ya riƙa sakawa ɗaya bayan ɗaya yana faɗin launi. "Fara. Ruwan hoda. Ƙaramar rawaya. Doguwar nan mai ɗaci." Ta haɗiye, ta kora da ruwa, ta ce, "Na gode, likita." Ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi, a dawo da yamma." Shekara shida ba fashi. Mutumin nan bai iya kalaman soyayya ba, ko a samartaka bai iya ba, duk abin da ke ransa game da ita a nan yake zuba shi, kuma ta sani.

Wani abin mamaki, wannan manhaja ita kaɗai ce bai tsananta wa ba a duk rayuwarsa. A cikinta magani magani ne kawai, ba a raba na safe da na yamma ba. Auta ta taɓa tsokanarsa a kan haka, ya buga goshinsa da yatsa ya ce, "Wannan kam ba sai da Maigadi ba, a nan yake."

To, sai nan ɗin ya fara yoyo. Da fari ƙananan abubuwa ne. Ya tsinci makullin mota a cikin firiji, ya yi dariya shi kaɗai. Wata rana ya tsaya a mararrabar da ya yi shekara ashirin yana bi, ya rasa dama zai yi ko hagu, har na baya suka cika shi da hon. Bai yi dariya ba ranar. Sannan likitan Malama ya canja mata ɗaya daga ƙwayoyin yamma, wata mai sa barci da saukar da jini. Ya dawo gida ya zauna ya shigar da ita, ya saka ta a jerin safe. Manhajar ta karɓa ba musu, don ba a koya mata musu ba. Bai kuma aika wa Auta ba, ya ce layi ɗaya ne. Washegari Malama ta wuni tana jiri, ta tashi za ta shiga banɗaki ta dafe bango. Da ya koma ya duba takardar likita, ya duba abin da ya rubuta, sai ya ga inda ya yi kuskure. Hannunsa ne ya saka mata, yana faɗin launi.

Shi kaɗai ya je asibiti, ya ce wa Malama aski za shi. Likitan ya ba shi kalmomi biyar ya riƙe, suka ɗan taɓa wata hira, da aka dawo ya samo uku da ƙyar, sauran ko alamarsu. Aka yi hoton kai, aka ɗebi jini, aka ce ya dawo. Da ya koma, likitan ya jawo kujera kusa da shi, tun daga nan ya san amsar. Farkon ciwon mantuwa ne. Zai yi ta tafiya a hankali, magani na rage masa gudu amma ba ya tsayar da shi. Aka ba shi ƙwaya iri biyu, aka ce ya zo da wani daga iyalinsa. Ya ce to. Ya ɓoye kwalaben a bayan kayan aski a banɗaki.

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ba mutuwa yake tsoro ba, ba ma mantuwar kanta ba. Ya san ranar da yaran suka ji, cikin ƙauna da ladabi za su sauke akwatin nan shuɗi daga saman firiji su miƙa wa wata baƙuwa mai farar riga. Kuma abin da ya fi ci masa rai, ya san suna da gaskiya.

Ya yi abin da ya iya. Ya buɗe kwamfuta ya sake rubuta manhajar da harshensa mai tsanani. Ya mayar da maganin safe iri daban, na yamma iri daban, yadda in ya sake gigin saka wani a jerin wani, Maigadi zai tare ƙofa. Ya gwada da gangan, jan rubutu ya fito. Allah sarki, a karon farko bai iya ce masa na gode ba.

Saura nasa ƙwayoyin, don su ma sai an tuna masa, kwana biyu a jere ya riga ya tsallake. Hanya mai sauƙi tana nan: ya kwafi manhajar Malama, ya canja sunaye, ya ɓoye kwafin inda ba mai gani. Har ya kwafa. Sai ya zauna yana kallon su biyun a jere, ya tuna akwatuna goma sha ɗaya. Mai kwafi biyu dole ya riƙa tuna gyara duka biyun, shi kuwa tunawar ce ta ƙare masa. Wata rana zai gyara ɗaya ya bar ɗaya, kuma wa ya sani ko na Malama ne zai bari. Ya share kwafin. Ya ƙera jadawali guda, ya bar gurbi a inda sunan Malama yake, gurbin da za a cike da ko wane ne mai shan maganin, yadda ƙwayar wani ba za ta taɓa shiga jerin wani ba. Aiki ya yi kyau, rabon da ya yi mai tsabtarsa an daɗe. Jerin nasa ƙwayoyin kuwa ya ajiye shi a gefe, inda ba zai bi saƙon da zai tura wa Auta ba.

Sai dokar ido na biyu ta tsaya masa a wuya. Sau ɗaya ya karya ta, ya ga abin da ya biyo baya. Kwana goma sha tara saƙon yana rubuce bai tura ba, Asabar biyu ya ce wa Auta ba wani sabon abu. Ya san 'yar da ya haifa, ya san abin da ya koya mata tun tana zama a cinyarsa tana danna masa madannai. Ran wata Alhamis da hantsi, bayan Malama ta ce na gode likita, ya koma teburi ya rubuta a saman saƙon, "Ɗan gyara ne, ki duba in kin samu sarari." Ya tura, ya rufe kwamfutar da sauri kamar mai zafi.

Auta takan amsa cikin awa guda, da tsokana a gaba. Alhamis ta wuce shiru. Juma'a ma shiru.

Ran Asabar, bakwai da rabi na safe, ya ji makulli a ƙofa. Auta ce. Ba ta taɓa zuwa da wannan lokaci ba, kuma ya san dalili: ta zo kafin ƙarfe takwas ne. Ta shigo kicin da jakar kwamfuta a kafaɗa, idanunta sun kumbura. Ta gaishe shi, ta ja kujera, ta buɗe aikinsa, ta juyo masa da fuskar kwamfutar, ta ɗora yatsa a kan gurbin.

"Baba, tun ina 'yar shekara tara kake ce min ba a barin gurbi sai an ga biyu."

Ta sauke yatsa zuwa wani layi.

"Ka kuma sa Maigadi ya tsare abin da ka ce a kanka yake. Ku biyu ne a gidan nan, Baba. Wane ne na biyun?"

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake cirewa. Ya shirya jawabi tun kwana goma sha tara, ba ko kalma ɗaya da ta zo, kuma wannan karon ba laifin ciwon ba ne. Ya tashi ya shiga banɗaki, ya dawo da kwalabe biyu da takardar likita, ya ajiye a gabanta. Ta karanta har ƙasa. Ta kife fuskarta a hannunsa ta yi kuka mai isarta, shi kuma yana shafa kanta yana cewa ya isa, ya isa, Auta, alhali nasa hawayen na sauka a kan ɗankwalinta.

Da ta natsu, ya faɗa mata zancen ƙwayar da ya saka a jerin safe, bai rage komai ba. Sannan ya dubi saman firiji ya ce, "Ga shi can. In za ki ɗauka, ki ɗauka yanzu, kafin wayar ta yi ƙara. Ba zan yi musu ba."

Ta share fuska, ta ja hanci, ta gyara zama irin na mai duba aiki. "Ni aiki aka turo min in duba, kuma ban amince da shi ba. Akwai gyara."

"Ina?"

"Nan. Ka bar gurbin mai sha, amma wurin mai bayarwa ka rubuta kanka, ka kafe shi da ƙusa. Wato kai za ka ba Umma, kai za ka ba kanka, ba mai gani. Wannan aikin yaron shago ne, Baba." Ta buɗe abin da ta kwana biyu tana yi, da harshensa mai tsanani, wanda ta sha rantsuwar ba za ta taɓa ba. Ta buɗe gurbi a wurin mai bayarwa. Ta kuma ƙara doka: kafin a haɗiye komai, wayar za ta ɗauki hoton tafin hannu ta tura mata, sai ta duba ta amsa. "Ni zan riƙa zuba na sati duk Asabar. Kai za ka miƙa. Ranar da ka kasa karanta jerin, ni zan karanta maka ta waya, kai dai za ka miƙa. Yayyena kuma ka bar ni da su."

Ya matso da fuska yana bin layukan, tsohon hali ya motsa duk da halin da ake ciki. "Kin buɗe gurbi a nan. Mai bayarwa nawa kika gani?"

"Biyu mana."

"Ke ai kina can ƙetaren gari. Wa zai..."

"Injiniya." Muryar Malama ce. Tana tsaye a bakin ƙofar kicin, ta dafa katako, Allah kaɗai ya san tun yaushe. "Sati huɗu ina jin ƙarar kwalba a banɗaki, wadda ba tawa ba. Ran Talata da Laraba ban ji ba, na ce yau mutumin ya manta. Ido ne ba ni da shi, kaina lafiya lau. Ina jira ne in ga yaushe za ka faɗa da bakinka, ashe sai dai ka faɗa wa kwamfuta."

Wayar da ke jingine da gwangwanin shayi ta yi ƙara. Takwas ta cika.

Auta ta miƙe, ta sauko da akwatin shuɗi daga saman firiji. Ya bi hannunta da kallo. Ta zagayo teburin ta saka masa a hannu, sannan ta kamo mahaifiyarta ta zaunar da ita kusa da shi.

Ya buɗe tafin hannun Malama. Ya fara sakawa ɗaya bayan ɗaya. "Fara. Ruwan hoda. Ƙaramar rawaya. Doguwar nan mai ɗaci." Auta ta leƙa, ta duba jerin, ta ce daidai. Malama ta haɗiye, ta kora da ruwa, ta ce, "Na gode, likita."

Ya yunƙura zai tashi, ta riƙe masa riga. Ta laluba teburin har ta samu kwalaben, ta girgiza kowacce kusa da kunnenta, ta tambayi Auta wacce ce ta safe. Ta buɗe, ta zazzago guda ɗaya, ta shafa ta da babban yatsa don ta san siffarta.

"Miƙo hannunka," ta ce.

Ya miƙa. Ta saka masa a tsakiyar tafi, ta naɗe yatsunsa a kai da nata.

"Wane launi ce? Faɗa min, sau ɗaya ya ishe ni."

"Fara ce."

"To haɗiye."

Ya haɗiye, ya kora da ragowar ruwanta. Ya ajiye kofin.

"Na gode, likita," ya ce.

"Allah ya ƙara sauƙi," in ji Malama. "A dawo da yamma."